Sinadaran PFAS da Kansar Hanta: Me Ɓerayen Gwaji Suka Nuna?

Waɗanne irin sinadarai ne waɗannan?

PFAS suna ne da ya tattara dubban sinadarai na masana'antu, waɗanda ake ɗaure fulorin a jikin kabon wajen haɗa su. Ɗaurin yana da tsauri ƙwarai, shi ya sa ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Biyu suka fi suna: PFOA, da kamfanin DuPont ya daɗe yana amfani da shi wajen yin Teflon, da PFOS na kamfanin 3M, da a da ake sawa a kumfar kashe gobara da maganin hana tufafi kama tabo.

Me ya sami ɓerayen da aka ba su?

A wani bincike da aka wallafa a 2001, an yi shekara biyu ana gauraya PFOA a abincin ɓeraye maza, kusan tsawon rayuwarsu ke nan. Ƙari, wato tsiro a cikin jiki, ya fito musu a wuri uku: hanta, maraina, da gaɓar da ke samar da insulin. Shirin binciken guba na gwamnatin Amurka, NTP, ya sake gwajin, kuma rahotonsa na 2020 ya ce hujjar a bayyane take a kan maza, ta fi rauni a kan mata.

To, sinadarin ne ke haddasa kansar?

Nan ne maganar take da ɗan sarƙaƙiya. PFOA ba ya lalata ƙwayar gado kai tsaye kamar wasu gubobin. Ba shi ke kunna wutar ba, fifita yake yi mata. An ga haka a gwajin da ake fara ba ɓera wata guba mai suna DEN da ke taɓa ƙwayoyin hanta, sannan a bi shi da PFOA: waɗanda suka sami duka biyun sun fi yin ƙari.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta wani makunni a cikin ƙwayoyin hanta mai suna PPAR-alfa, wanda aikinsa kula da ƙona kitse. PFOA ya yi kama da kitse a siffa, sai ya danna makunnin ya ƙi sakewa. Hanta ta kumbura, ƙwayoyi su yi ta hayayyafa, lalatattun da ya kamata su mutu su sami damar rayuwa. Yau da gobe sai ƙari.

Me ya sa maza suka fi shan wahala?

Ƙoda ce. Macen ɓera tana fitar da rabin PFOA ta fitsari cikin 'yan sa'o'i, namiji kuwa sai ya yi kwanaki.

Abin da ya sami ɓera zai sami mutum?

An daɗe ana jayayya a nan. Masu cewa a'a suna da hujja: makunnin PPAR-alfa bai kai ƙarfi a hantar mutum kamar a ta ɓera ba, kuma adadin da ake ba dabbobin ya ninka abin da ke shiga jikin yawancin mutane nesa ba kusa ba. Amma a ganina hujjar ba ta isa a kwanta barci ba, domin abin da ɓera ke zubarwa cikin kwanaki, jikin mutum sai ya shekara biyu zuwa huɗu kafin ya rage rabinsa.

Wani abin lura, a jikin mutane ba hanta ce ta fara nuna alama ba. Binciken mutum kusan 69,000 da suka sha gurɓataccen ruwa a kewayen masana'antar DuPont da ke Parkersburg, a jihar West Virginia, ya alaƙanta PFOA da kansar ƙoda da ta maraina. A Nuwamban 2023 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa, ta sa PFOA a rukuni na 1, wato wanda aka tabbatar yana jawo wa mutum cutar kansa, ta bar PFOS a rukunin 2B na waɗanda ake zargi.