Waiwaye: Yadda Ikilisiyar Farko Ta Yi da Annabci Cikin Gushewar Hankali

Tushen maganar yana cikin wasiƙar Manzo Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, a Sabon Alkawari na Littafi Mai Tsarki na Kirista, inda ya ba da labarin wani mutum da aka ɗauke zuwa sama ta uku, bai san ko da jikinsa ya tafi ko ba da shi ba. Girkawa suna kiran wannan hali ekstasis, wato mutum ya fita daga hayyacinsa, kusan abin da Sufaye ke kira jazaba.

Rigima ta taso ne a rabi na biyu na ƙarni na 2, a yankin Firjiya da ke cikin Turkiyya ta yau, lokacin da Montanus da mata biyu, Firiskila da Maksimila, suka riƙa yin annabci hankalinsu a gushe, suna cewa Ruhu Mai Tsarki ne ke magana ta bakinsu. An ruwaito Montanus yana kwatanta ɗan Adam da garaya, Ruhu kuma da makaɗinta, sannan ya ɗauki ƙauyen Fefuza a matsayin sabuwar Urushalima. Bishop-bishop na yankin suka yi watsi da su bisa hujjar cewa annabin gaskiya yana magana cikin hankalinsa. A ganina, batun iko ya fi na aƙida nauyi a nan, domin wanda ke karɓar saƙo kai tsaye daga sama ba ya jiran izinin bishop. Duk da haka Tertuliyan, marubucin Kirista na birnin Kartaj a Arewacin Afirka, ya goyi bayan su Montanus wajen shekara ta 207, har ya rubuta littafi kan batun, wanda ya ɓace.

Daga baya abin ya koma cikin shiru. A ƙarni na 4, Bishop Giregori na Nisa ya fassara shigar Musa cikin duhun girgije a Dutsen Sina'i da cewa mai neman Allah yakan kai inda ilimi ya ƙare, ya kuma kira halin maye marar giya. Agustin, malamin Kirista na Arewacin Afirka, ya bayyana cewa irin wannan ya same su a shekara ta 387, shi da mahaifiyarsa Monika suna jingine da taga a Ostiya, kusa da Roma, suna hira kan lahira, kwanaki kaɗan kafin rasuwarta. Mabiyan Montanus kuwa sun jure har wajen shekara ta 550, lokacin da Bishop Yohanna na Afisa ya rushe wurin ibadarsu a Fefuza, ya ƙone ƙasusuwan annabawansu.