Gonakin Fashaga: abin da takardar 1972 ta ce

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a gabashin Sudan, bayan an yanke riɗi, na ji wani dattijo Bahaushe yana faɗa wa matashin da ke ɗinke masa buhu: "Ɗana, gonar da kakanka ya sare tana can tsallaken Atbara. Gwamnati ta ce ƙasar tamu ce, amma ni ba ni da takardar da zan nuna." Maganarsa ta sa na ga ya dace a warware wa mutanenmu abin da doka ta tanada game da wannan yanki na Fashaga.

Fashaga ƙasa ce mai baƙar laka, tsakanin kogunan Setit da Atbara da Basalam, a kan iyakar Sudan da Habasha. Riɗi da dawa da auduga suna yi sosai a can. Da damina kogunan kan cika su raba ta da sauran jihar Gadarif, alhali daga ɓangaren Habasha hanya a buɗe take. Wannan na cikin dalilan da suka sa manoman Amhara na Habasha suka yi shekaru suna noma a ciki.

Tushen maganar shi ne yarjejeniyar 15 ga Mayu, 1902, tsakanin Sarki Menelik na Biyu da Ingila, wadda ke mulkin Sudan a lokacin. Ta ja layin iyaka a takarda, ta kuma ce wakilan ɓangarorin biyu su je su kafa alamomi a ƙasa. A 1903 wani hafsan Ingila, Manjo Gwynn, ya kafa su, Fashaga ta faɗo cikin Sudan. Habasha ta ce shi kaɗai ya yi aikin ba da wakilanta ba, kuma har yau wannan ce hujjarta.

Sai a watan Yulin 1972 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Mansur Khalid na Sudan da Minasse Haile na Habasha, suka yi musayar wasiƙu. Su ne abin da ya fi shafar manomi. Sun amince a ɗauki layin Gwynn a matsayin tushe, ba tare da an koma gardamar ko aikinsa ya inganta ba. Suka raba iyakar gida biyu a Dutsen Dagleish. Kudu da dutsen, a sake kafa alamomi. Arewa da shi, inda Fashaga take, kada a kafa komai sai an fara duba matsalar mutanen da suka zauna ko suke noma a ƙasar maƙwabciya, a samo mafita cikin lumana ta hannun kwamitin haɗin gwiwa. Kafin nan, kowa ya tsaya inda yake.

A nan hikimar take. Takardar ta raba tambaya biyu da muka saba cakuɗawa: ƙasar ta wace gwamnati ce, da kuma wa zai shuka a cikinta bana. Mutum yana iya noma a ƙasar da ba ta gwamnatinsa ba, kamar yadda baƙo kan ari gona a ƙauye ba tare da ya zama mai gari ba. A kan wannan fahimta aka yi sulhun 2008: Habasha ta yarda da layin, Sudan ta bar manoman Habasha su ci gaba da aikinsu.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wannan tsakanin manya ya tsaya. Mafitar da aka yi alkawari ba ta zama rajistar gonaki ba, ba ta zama kotun da manomin Gadarif zai kai ƙara ba in 'yan shifta, wato 'yan fashi masu bindiga, sun kore masa shanu ko sun kama lebura suna neman kuɗin fansa. "Kowa ya tsaya inda yake" ya zama mai bindiga ya tsaya inda ya ga dama.

Da yaƙin Tigray ya ɓarke a arewacin Habasha a Nuwamban 2020, sojojin Sudan suka shiga suka karɓe mafi yawan Fashaga. Sudan ta ce ƙasarta ta koma, Habasha ta ce an karya sharaɗin 1972. Manoman Habasha suka bar amfanin gona a tsaye. Namu da yawa sun yi murna, kuma ban ga laifinsu ba, sai dai wanda aka kora da ƙarfi yakan dawo, ga shi tun Afrilun 2023 hankalin sojojin Sudan ya koma kan yaƙin cikin gida.

Abin da ya rage a yi yana da tushe a takardar tun farko: kwamitin ya zauna, a auna gonakin, a rubuta mai kowace da mai haya da abin da zai biya, a sa manoman ɓangarorin biyu a ciki. A ƙara gadoji a kan Atbara yadda motar riɗi za ta tsallaka da damina, a bar mashigar iyaka ta Gallabat da Metema a buɗe. Dattijon nan na kasuwa ya ce in har aka fara rajista, shi ne zai fara shiga layi, don ya san bishiyar da ke bakin gonar tasu.