Waiwaye: Jikin bogi da ake gwada na'urorin hoton asibiti da shi

Kafin a kwantar da majiyyaci cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, sai an tabbatar abin da take nunawa gaskiya ne. Ba da mutum ake wannan gwaji ba. Akwai wani abu da ake ƙerawa ya kwaikwayi tsoka da ƙashi, masana na kiran sa fantom, wato fatalwa.

Bayan da Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, ruwa aka fi dogara da shi, domin yadda yake tsotse hasken ya yi kusa da na naman mutum. Har gobe ma'aunin Hounsfield na na'urar CT, mai ɗaukar hoton jiki yanka-yanka da hasken eksire, wadda aka fara amfani da ita kan majiyyaci a Landan a 1971, da ruwa ake saita shi: ruwa sifili, iska -1000. Amma ruwa bai wadatar da masu sikanin da sauti ba. Sauti na gudun kusan mita 1540 a daƙiƙa cikin jiki, a ruwa kuwa bai kai haka ba. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1970 Ernest Madsen da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka dama jelatin da garin girafait.

Da can kowace na'ura da nata fantom ɗin, zance ya ƙare. Abin ya sauya a 1998, lokacin da David Townsend da Ronald Nutt suka haɗa PET, mai ƙirga hasken wani sinadari da ake sa wa majiyyaci a jiki, da CT a na'ura guda, aka kafa ta a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka. Yanzu abu ɗaya ne zai gamsar da idanu biyu. Fantom ɗin NEMA, ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, da aka saba da shi akwati ne mai siffar gangar jiki, da ƙwallaye shida a ciki, daga milimita 10 zuwa 37. Ma'aikaci kan cika su ɗaya bayan ɗaya da sirinji, yana kaffa-kaffa kada kumfa ta maƙale, yana kuma duban agogo, don sinadarin fuluwarin-18 da ake zubawa a cikinsu, mai fitar da hasken da PET ke ƙirgawa, kan rasa rabin ƙarfinsa duk bayan minti 110.

Inda gizo ke saƙar shi ne PET da MRI mai ɗaukar hoto da maganaɗisu, da suka shigo kasuwa a haɗe wajen 2010. MRI ba ta ganin bangon robar fantom, alhali robar na tare hasken da PET ke ƙirgawa, sai lissafi ya karkace. Tsabar ruwa mai yawa kuma yakan ɓata hoton a maganaɗisu mai ƙarfin tesla 3.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙashi. Yana tare hasken PET sosai, amma a hoton MRI na yau da kullum duhu yake fitowa tamkar iska, kuma kuskure a nan kan taɓa awon ƙari a ƙwaƙwalwar majiyyaci. Masu bincike na gwada ƙera ƙoƙon kai da filasta, suna fitar da siffarsa da firintar 3D mai ƙera abu sukutum, sannan su cika cikinsa da dasƙararren ruwan agar, wani abu mai kama da jelatin, a madadin ƙwaƙwalwa.