Dan Allah ku daina barbaɗa wa kek ɗin mai ciki abin da ba abinci ba

Abu ɗaya nake ta gani a asibitin da nake aiki yana maimaita kansa, har na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya bayan abin ya riga ya faru, shi ya sa na ce yau sai na zauna na rubuta. Za a kawo yara biyu ko uku da amai da gudawa, wani lokacin har da ita kanta mai cikin da aka taru dominta, in na tambaya me aka ci sai a ce wallahi sista ba komai, kek ne kawai na bebi shawa (walimar da ake yi wa mai ciki kafin ta haihu), kuma a gida aka yi shi, ƙawarta ce ta yi mata ko ƙanwarta da ta fara koyo kwanan nan. Sai in ce a nuna min hoton kek ɗin, hoto kam ba a rasawa, kowa na da shi a waya. Ana buɗewa sai ki ga abu yana ta walƙiya, ruwan gwal tun daga sama har ƙasa, 'yan taurari da ɗan takalmin jariri duk an shafe su da hodar ƙyalli. In na ce a kawo min robar hodar, ko dai ba rubutu ko ɗaya a jikinta, ko kuma an rubuta ƙarara cewa ta ado ce kawai, ba wanda ya tsaya ya karanta.

Ke da kika yi kek ɗin, ƙanwata, na san da zuciya ɗaya kika yi. Na san wahalar da mai koyo ke sha, kin raba dare kina kallon bidiyo, na farko ya lotsa a tsakiya kin sake kwaɓa wani, bota kirim ya ƙi tsayawa, hannunki na rawa kina son ki rubuta barka da zuwa a kai, duk don ki faranta ran 'yar uwarki da ke jiran haihuwa. Allah ya saka miki da alheri, da gaske nake faɗa. Amma ƙaunar da kike mata ba za ta canza abin da ke cikin robar nan ba.

Hodar ƙyalli iri biyu ce a kasuwa, kuma a ido ba ki isa ki bambance su ba. Akwai wadda aka yi don a ci, ita za ki ga an rubuta "edible" a jikinta, sannan an jero abubuwan da aka haɗa ta da su kamar yadda ake yi wa kowane kayan abinci: suga, ƙaro, sitacin masara, kalar abinci da makamantansu. Akwai kuma wadda aka rubuta mata "non-toxic" kawai, wato wai ba guba a ciki, ko aka ce don ado ce. To nan ne ake yaudarar ku. Wannan kalmar ba ta ce a ci ba. Kalar da yara ke zane da ita ma haka ake rubuta mata, akwai wadda za ta kankare ta ta zuba wa baƙi a faranti? Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta daɗe tana jan kunne a kan wannan, cewa in ba a rubuta ana ci ba kuma ba jerin kayan haɗi, to kar a sa shi a kan abinci. Magana ce da ba ta da wuya amma kullum sai an taka ta.

Don kar ku ce tsoratarwa ce irin ta ma'aikatan asibiti, ga abin da ya faru aka bincika aka tabbatar. A watan Oktoba na 2018 a jihar Rod Ayilan ta Amurka, yara 6 sun kamu da amai da gudawa bayan cin kek ɗin bikin zagayowar ranar haihuwa, wasu ko awa guda ba a yi ba ciwon ya taso musu. Da aka kai ayisin ɗin, wato kirim ɗin da aka shafe kek ɗin da shi, ɗakin gwaji sai aka tarar hodar nan mai kalar gwal da ratsin ja garin jan ƙarfe ce, yanka ɗaya na kek ɗin yana ɗauke da kusan miligiram 900 na jan ƙarfe. Wannan ma daga gidan yin kek na kasuwa ya fito, masu sana'ar kenan, balle ke da kika fara jiya. Sai kuma a 2019 a jihar Misuri, aka auna jinin wani yaro ɗan shekara 1 aka ga dalma ta yi yawa, aka bi diddigi har aka gano hodar da aka shafa wa furannin kek ɗin da aka yi masa a gida, kashi 25 cikin 100 na hodar nan dalma ce zalla, kuma "non-toxic" ne a rubuce a jikin robar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ita ta fitar da rahoton duka biyun a 2021.

Dalma fa! Ku tsaya ku ji da kyau. Jan ƙarfe shi aƙalla yana tona kansa, mutum ya yi amai a san an ci wani abu. Dalma sau da yawa shiru take yi, ba amai ba zazzaɓi, ta shiga jini ta samu wuri a ƙashi ta zauna shekara da shekaru. A jikin mai ciki kuma tana ratsa mabiyiya ta isa wurin jariri, ta taɓa ƙwaƙwalwar da ake kan ginawa, tana kuma iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci ko a haifi yaro ɗan mitsitsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba shi da illa, komai ƙanƙantarsa. Yanzu ku duba wa ake fara miƙa wa yankan farko a irin wannan taro? Mai cikin. Wane yanka ake ba ta? Wanda ya fi ado, mai ɗan takalmin, mai tauraron, inda aka fi lafta ƙyallin. Haba jama'a. Matar da muke hana ta shan ko ƙwayar magani ɗaya ba tare da ta tambaye mu ba, ita ce za a ɗauki garin ƙarfe a ba ta a cokali ana tafi ana ɗaukar hoto?

Na san amsoshin, na ji su har na haddace. "Ai ɗan kaɗan na sa." Kaɗan ɗin nan da kike goga burushi sau biyar don kalar ta fito a hoto? "Ai wadda ta sayar min ta ce ana ci." Ita ta gwada? Da yawa masu sayarwa babban mazubi suke saya su rarraba a ƙananan robobi marasa rubutu, su kansu ba su san me ke ciki ba, kuma ranar da aka kwantar da mutum ba za ki gan su ba. "Ai a bidiyo haka na ga ana yi." Wani kek ɗin da kike gani a bidiyo ba kek ba ne ma, soso ne aka lulluɓe da fondan, kwaɓin sugan nan da ake rufe kek da shi, don a ɗauki hoto, ba mai ci. Wadda ta fi ƙona min rai ita ce "ai za a cire adon kafin a yanka". Hoda ce fa, gari ce, tana zuba a kan kirim tun kina shafawa, kuma duk wadda ta taɓa zuwa taron da ke da yara ta san kafin a ɗauko wuƙa wani ya riga ya fizge tauraron ya kai baki.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita, cikinta wata takwas, aka kawo ta da daddare ta galabaita da amai, muka sa mata ƙarin ruwa muna ta sauraren bugun zuciyar jariri. Ƙawarta da ta yi kek ɗin tana tsaye a bakin ƙofa tana kuka, ta kasa shigowa ta kasa tafiya. Na fita na riƙe hannunta na ce ta je ta ɗauko min duk abin da ta sa a kek ɗin. Ta dawo da jaka, a ciki har da ƙyallin da ake sa wa katin gaisuwa da kwalliyar farce, wai ta ga kalarsa ta fi fitowa. Alhamdulillahi uwa da ɗa sun tashi lafiya. Amma wannan yarinyar ta ce min ba za ta ƙara kunna obin ba har abada, ni kuma ba haka nake so ba, so nake ki ci gaba da yin kek ɗinki, ki ƙware, kawai ki san me kike ɗorawa a kai.

Kuma ba ƙyalli kaɗai ba, duk dangi ɗaya ne. Furannin gaske da ake cusawa cikin kirim, musamman 'yan fararen nan ƙanana masu kama da audugar da aka barbaza, jifsofila, waɗanda suka zama kamar dole a kek ɗin bebi shawa, ba na ci ba ne, suna iya tayar da ciki, kuma furen da aka noma don ado ana yi masa feshin maganin ƙwari ba tare da tunanin wani zai sa a baki ba. Wayar da ake ɗaure fure da ita kar ta shiga cikin kek tsirara. 'Yan duwatsun roba masu kama da lu'ulu'u, ƙananan 'yan tsana, fil, tsinken sakace da aka ɓoye don ya riƙe kan ɗan beyar da kika gina, duk waɗannan yaro na iya haɗiyewa ko ya shaƙe. In dole sai kin sa abin ado da ba a ci, ya zama babba wanda ido zai gani, ki ɗora shi a kan ɗan faifai ko takardar gashi yadda ba zai taɓa kirim ba, kuma ke da kanki ki cire shi ki ƙirga kafin a yanka, kar ki bar wa kowa wannan aikin.

Kek ɗinki zai yi kyau ba tare da wannan haɗarin ba, wallahi zai yi. Mai koyo ma abin da ya fi fitar da ita shi ne sauƙi. Ki bari kek ya huce sarai, ki shafa kirim siriri na farko wanda zai kama ɓurɓushi, ki sa a firij kamar minti 20 zuwa 30, sannan ki shafa na biyu, za ki ga ya kwanta sumul. Kalar abinci mai kauri ki riƙa ɗiba da bakin tsinke kaɗan-kaɗan, shuɗi mai haske ko ruwan hoda ko ɗorawa mai sanyi, kar ki yi gaggawar ƙarawa don kala tana ƙara fitowa in ta ɗan zauna. Suga mai kala, farin cakulan da aka narka, 'yan taurarin fondan da kika yanka da hannunki, duk ana ci. In kuma ranki ya nace sai gwal, ki nemi hodar da ke cikin mazubinta na asali a rufe, mai "edible" da jerin kayan haɗi da ranar lalacewa. Ba rubutu, ba saye, ko kyauta aka ba ki. Burushin kek kuma ya zama na kek kaɗai, wanda bai taɓa fenti ko kwalliyar fuska ba.

Sauran abubuwan bari in jero su da sauri, don su ma suna kawo mana mutane:

- Kar ki yi ayisin da ɗanyen ƙwai. Ki yi amfani da garin farin ƙwai na kamfani, ko ki dafa ƙwan da suga a kan tururi har ya kai digiri 71.
- Madara da kirim da cuku su zama waɗanda aka dafa a kamfani aka kashe ƙwayoyin cutarsu. Mai ciki ta ninka sauran mutane kusan sau 10 wajen kamuwa da listeriya, cutar da ake ɗauka daga gurɓataccen abinci.
- Kek mai kirim ɗin madara ko cuku ko yankakkun 'ya'yan itace kar ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa 1 ne. Ki bar shi a firij sai an zo yankawa.
- Ɗanyen kwaɓi ba a lasa, ko ke ko yara, ɗanyen fulawa ma na ɗauke da cuta.
- Wanke hannu da sabulu, cire zobe, ɗaure gashi, ajiye waya. In kina gudawa ko amai ki haƙura da yin kek ɗin nan gaba ɗaya.
- Ki tambayi mai cikin ko akwai abin da jikinta ba ya so, ko an ce mata tana da ciwon suga na ciki.

To in an riga an ci fa? Kar a tsaya jiƙe-jiƙe, kar kuma a tilasta wa kowa yin amai. Mai ciki da ta fara amai ko gudawa ko zazzaɓi ko ciwon mara, ko ta ji motsin jariri ya ragu, a kawo ta asibiti a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Yaron da ke amai ba ƙaƙƙautawa ko ya yi laushi shi ma haka. Ku taho da robar hodar da ragowar kek ɗin a leda mai tsabta, kar kunya ta sa a zubar, mu ba hukunci za mu yi wa kowa ba, so muke mu san me muke magani. Ko ba wanda ya yi ciwo, in kin duba robarki yanzu kin ga ba ta ci ba ce kuma mai ciki ko ƙaramin yaro ya ci, ki daure ki kira ta ki faɗa mata, ita kuma ta faɗa wa ma'aikaciyar da ke duba ta a wurin awo, a tambaya ko za a yi gwajin dalma a jini. Sauran hodar kuma ki fitar da ita daga cikin kayan kek ɗinki yau.