Gonarka ba ta zama ta gwamna ba: Dokar Filaye ta 1978 da zancen gurguzu

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, kawuna ya same ni a Tudun Wada ta Zariya riƙe da wata tsohuwar takarda a naɗe cikin leda biyu. Takardar cinikin gona ce da ajami, da sunayen shaidu uku da hannun mai unguwa, tawadar ta fara yin ja. Wani dillali ne ya kunna masa saƙon murya a waya, wai duk filin da ba shi da si-of-o, wato satifiket ɗin riƙon fili na gwamnati, ya riga ya zama na gwamna, don Najeriya tun 1978 take kan dokar gurguzu irin ta Rasha. Ya ƙara da ba shi shawara ya sayar tun da sauran daraja.

Na ce, "Kawu, mayar da takardarka cikin adaka. Ba abin da aka ƙwace maka."

Saƙon nan yana yawo daga Samaru har Sabon Gari, kuma yana kama mutane ne saboda akwai ɗan gaskiya a bakinsa. Dokar Amfani da Filaye, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris, 1978, ta ce a sashe na 1 an damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Masu yaɗa tsoro a nan suke tsayawa. Sashen bai tsaya nan ba, ya ce gwamna zai riƙe ta ne a matsayin amana, domin amfanin dukkan 'yan Najeriya. Kowane Bahaushe ya san bambancin mai dukiya da wanda aka ba ajiya.

Kuma mu nan Arewa abin ba baƙo ba ne. Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Sardauna ta sake tsara ta a 1962. Ta 1978 kusan tsarin Arewa ta ɗauka ta shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Gwamnonin Ingila da Sardauna ba wanda ya taɓa kiransu 'yan gurguzu.

Tunda an jawo kalmar, a tsaya a kanta, don Zariya ta san wannan muhawara fiye da yawancin garuruwa. A Jami'ar Ahmadu Bello, zamanin Dakta Yusufu Bala Usman, da lokacin da jam'iyyar PRP ta kai Balarabe Musa kujerar gwamnan Kaduna a 1979, ɗalibai kan kwana suna gardama: shin an taɓa yin gurguzu na haƙiƙa a duniya? Masu cewa a'a suna da hujja. Abin da Karl Marx ya siffanta al'umma ce da babu ajin masu hali da na talakawa, har gwamnati kanta ta gushe. Tarayyar Sobiyet ba ta taɓa cewa ta kai can ba. A 1961 shugabanta Khrushchev ya yi alkawarin za a isa kusan 1980, ƙasar ta wargaje a 1991 ba a isa ba. Masu cewa an yi kuwa suna cewa bishiya da 'ya'yanta ake gane ta: abin da jam'iyyun kwaminis suka aikata da suka hau mulki shi ne abin aunawa.

Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, abin da aka yi wa manoma a can sananne ne. Daga 1929 Stalin ya tilasta wa manoma haɗe gonakinsu da dabbobinsu a gandun gwamnati, yunwar da ta biyo baya ta kashe miliyoyi. Sin ta yi irinsa daga 1958, ita ma yunwa ta ci miliyoyin rayuka. A Habasha, gwamnatin soja ta Derg ta mayar da duk ƙasar karkara ta hukuma a 1975, ta hana sayarwa, ta kuma ƙayyade hekta 10 ga iyali. Yanzu a dubi Zariya. Ana gadon gona, ana jinginar da ita, ana cinikin fuloti kullum, kuma masarar da ka noma kai za ka kai ta kasuwar Giwa ka yi mata kuɗi. Sashe na 43 na kundin tsarin mulki na 1999 ma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar kadara a ko'ina cikin Najeriya.

To ina matsayin wanda ba shi da satifiket? Sashe na 34 da na 36 na Dokar Filaye sun ce wanda yake riƙe da gininsa a birni, ko gonarsa a karkara, tun kafin dokar ta fara aiki, zai ci gaba da riƙewa tamkar an ba shi izini. Ba sai ya nemi kowa ba, kuma magadansa na bin sawunsa. Si-of-o shaida ce a kan haƙƙi, ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Samunta daga KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, na da amfani ƙwarai wajen rigimar iyaka ko neman bashin banki, amma rashinta bai mayar da kai ɗan cin arziki a gonar kakanka ba. Filayen birni na hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu, har hekta 500 na noma da 5,000 na kiwo.

Hukuncin da ake tsorata mutane da shi ma ba a faɗarsa daidai. Sashe na 36 ya hana yanka irin waccan gonar karkara fuloti-fuloti ko sayar da ita, kuma wanda ya saɓa zai biya tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. A 1978, da naira ta fi dala daraja, kuɗi ne mai nauyi. Yau bai kai kuɗin buhun siminti ba. Abin da ke da ciwo shi ne dokar ta ce irin wannan ciniki ɓatacce ne. Haka nan sashe na 22 ya ce ba a sayar da filin birni ko jinginar da shi sai da yardar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, ta soke wata jingina saboda rashin wannan yardar. Wato mai saye ne ya fi zama cikin haɗari, shi da ya zuba kuɗinsa ya karɓi takardar dillali kawai.

Inda ya kamata hankalin mutane ya tashi, saƙon muryar bai ko ambata ba. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙinka saboda maslahar jama'a, kamar hanya, makaranta ko asibiti. Akwai sharaɗi: sai an ba ka sanarwa a rubuce, kuma kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba sanarwa, ko wadda aka karɓe daga wani aka miƙa wa wani don amfanin kansa. Matsalar tana sashe na 29, wajen diyya. Ana biyan abin da ke kan ƙasa: gini bisa kuɗin sake gina shi bayan an cire tsufa, da shuka bisa ƙimar da jami'in gwamnati ya yanke. Ita ƙasar kanta, kuɗin harajin filin da ka biya a shekarar kawai ake mayar maka, in ka biya.

A auna wannan da gonar kawuna. Akwai mangwaro huɗu, da ɗorawa biyu, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa. In aka zo da rani bayan an girbe, waɗannan za a ƙirga. Shekarun da ya yi yana zuba mata takin shanu har ƙasar ta yi baƙi, da darajar da ta samu don gari ya matso, duk ba su cikin lissafi. Maƙwabcinsa mai kuɗi da ya kewaye nasa da bulo shi zai fi karɓa. Ni dai ban ga adalci a nan ba, kuma dokar da aka ce an yi ta don hana masu hali tara filaye ta fi yi wa mai sani a ofis sauƙi. Gyara ta ma wuya ne, don sashe na 315 na kundin tsarin mulki ya ɗaure ta, sai an bi hanyar gyaran kundin kansa.

Duk da haka manomi ba hannu rabbana yake ba. Sashe na 6 na Dokar Filaye ya ce in ƙaramar hukuma ta karɓi gonar da ake nomawa, wajibi ne ta ba mai ita wata. Sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya ce a biya diyya ba jinkiri, kuma wanda bai gamsu ba yana da damar zuwa kotu.

Abin da na roƙi kawu shi ne ya ɗauki hoton takardar, ya tara 'ya'yan shaidun nan uku da mai unguwa na yanzu a sake taka iyaka, a rubuta, a ƙirga bishiyoyi. In ya samu hali ya fara neman satifiket a hankali. Ya ce ranar Asabar zai fara da gidan mai unguwa, dillalin kuma ya riga ya aika masa cewa gonar ba ta sayarwa ba ce.