Iskar kabon da teku ke zuƙa: abin da kotun Hamburg ta ce doka ta tanada

A ranar 21 ga Mayun 2024, kotun duniya mai kula da dokar teku, wadda ke zama a birnin Hamburg na Jamus, ta amsa wata tambaya da ƙananan ƙasashen tsibirai suka kai gabanta, Tuvalu da Antigua da Barbuda ne a kan gaba. Sun tambaya ne kan wajiban da ke kan ƙasashe na kare teku daga illar sauyin yanayi, abin da ya sa kotun ta fara duba ko iskar kabon da masana'antu da motoci ke fitarwa sama, idan teku ya zuƙe ta, doka tana ɗaukar hakan a matsayin gurɓata teku. Alƙalan baki ɗaya suka ce ƙwarai kuwa.

Dokar da suka duba ita ce Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta fara aiki a 1994. Babu inda ta ambaci sauyin yanayi. Sai dai ta ce duk wani abu ko makamashi da ɗan Adam ya shigar cikin teku, kai tsaye ko a kaikaice, ya kuma cutar da halittun ciki, gurɓatawa ce. Kalmar "a kaikaice" ɗin nan ta yi aiki sosai.

Ga yadda abin yake. Teku yana haɗiye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da muke fitarwa. Duk wanda ya taɓa buɗe lemon kwalba mai gas ya ji ɗan cizon nan a harshe, to ya ɗanɗana abin da ke faruwa in kabon ya narke a ruwa: tsami yake haifarwa. Daga farkon zamanin masana'antu zuwa yau, ma'aunin pH na saman teku, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1. A ido kamar ba komai, amma ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin 100. Murjani da halittu masu ɓawo su ne ke shan wahala, domin sinadarin da suke gina ɓawonsu da shi yana raguwa a ruwan. Ga mutumin Tuvalu, murjanin nan shi ne katangar da ke karya igiyar ruwa kafin ta iso ƙofar gidansa, shi ne kuma matattarar kifin da yake ci.

Saboda haka kotun ta ce sashe na 194 ya hau kan kowace ƙasa da ke cikin yarjejeniyar: ta ɗauki dukkan matakan da suka wajaba don hanawa da rage wannan gurɓatawa, bisa mafi ingancin ilimin kimiyya. Abin da ya fi burge ni shi ne, ta ce cika alkawarin Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi kaɗai bai isa ƙasa ta wanke kanta ba. Ta kuma ce wajibi ne a taimaka wa ƙasashe masu tasowa da kayan aiki da horo.

Gaskiya ne, shawara ce kotun ta bayar, ba ta ci tarar kowa ba. Amurka ma ba ta cikin yarjejeniyar dokar tekun, wannan kuwa babban giɓi ne da ke damuna. Amma wajiban da aka fassara suna nan a kan ƙasashen da suka amince. Najeriya na cikinsu tun 1986, don haka iskar gas da ake ƙonawa dare da rana a rijiyoyin man Neja Delta ita ma ta shiga wannan lissafi.