Waiwaye: Tun lokacin da fadamar Haɗejiya ta daina bushewa

Duk majalisar da aka zauna a Guri, Kirikasamma ko Auyo da ke Jihar Jigawa a 'yan shekarun nan, da wuya a tashi ba a taɓo maganar sata ba. An kwashe wa wane taru cikin dare, an ɗauke wa wane injin ban-ruwa, an shiga gonar shinkafa an yanke ta tun ba ta gama nuna ba, an yashe wa mai kiwon tarwaɗa tafki kwana kaɗan kafin ya sayar. Masu muhawara sun kasu biyu. Wasu sun ce tsadar rayuwa ce, suna lissafi daga 2023 da aka cire tallafin mai, darajar Naira ta faɗi. Wasu sun ce tarbiyya ce ta lalace, yaran yanzu ba sa son wahala. Kowane ɓangare na da abin kamawa, amma dukkansu suna magana kamar jiya abin ya faro, alhali ya haura shekara 30 yana tafe, kuma ta ruwa ya biyo.

Farkon labarin sananne ne. An yi fari mai tsanani daga 1972 zuwa 1974, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka buɗe noman rani a Kadawa da Kura da kewaye, sannan wani farin ya sake dawowa a 1983 da 1984. Filin da ruwa ke malalewa duk damina tsakanin Haɗejiya da Nguru, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Wannan kowa ya sha ji: ruwa ya ragu, kifi ya ragu.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda fadamar ke aiki a da. Ruwan Kogin Haɗejiya yana zuwa da ƙarfi a Agusta da Satumba, ya bazu cikin ciyayi. A nan karfasa, tarwaɗa, ƙurungu da kawara ke saka ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya. Da kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, sai kifi ya taru a tafkuna da gulabe. Sarkin ruwa ne ke faɗin ranar da za a buɗe wane tafki, gari ya fito da homa da gora a yi su, wato kamun kifi na taron gari, wanda ba masunci ba ma ya koma gida da na miya. Manomi ya girbe shinkafarsa, ya bi laimar da ruwa ya bari ya shuka wake ko rogo. Bafulatani ya sauko da shanu su ci burugu da ragowar kara, su bar taki. Fili ɗaya ne, amma mutum uku ke ci a cikinsa, kowa da watansa. Ba wai ba a faɗa a wancan zamani ba, ana yi. Sai dai janyewar ruwa ita ke raba musu lokaci, kuma ba mai jayayya da ita.

A 1992 aka kammala madatsar Challawa a yankin Ƙaraye, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa. Daga nan manyan koguna biyu da ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, wato Kogin Kano da Kogin Challawa, duk sun shiga ƙarƙashin madatsa. Amfanin abin a fili yake: birnin Kano na shan ruwa, dubban manoma na noman shinkafa da tumatir da alkama da rani, har ma masunta sun samu wurin sana'a a tafkin Tiga da na Challawa. Amma kogin ya canza hali. Ambaliyar damina mai ƙarfi da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, sannan da rani, lokacin da gadon kogin ya saba zama yashi, sai ga ruwa yana gudana a hankali ba yankewa, saboda ana sakinsa don sha da ban-ruwa.

Da farko mutanen da ke can ƙasan kogin murna suka yi, don wa zai ƙi ruwa a watan Maris? Ashe abin da kacala ke jira ke nan. Ciyawar nan dama tana yankin, a 'yan wuraren da ruwa ke kwana, kuma bushewar rani ce ke hana ta yaɗuwa. Tana son ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ƙafewa. Tana bazuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, irinta kuma iska ke ɗauka. Idan ta kafu tana fin mutum tsawo, ta yi cunkoson da kwale-kwale ba ya ratsawa. Ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, wurin ya ƙara zama marar zurfi, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Haka ta riƙa cin hanyoyin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon gadon Kogin Haɗejiya da reshen Burum Gana suka toshe, akasarin ruwan ya karkata ta mashigin Marma zuwa Nguru. Sai aka wayi gari wasu ƙauyuka ruwa ya kwanta musu a gona shekara da shekaru, wasu kuma da ke bakin kogi tun kaka da kakanni suna hangen busasshen gado. A shekarar 2000 da aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kacala ta riga ta yi nisa.

A ganina nan ne tattalin arzikin yankin ya karye, kuma masunci ne ya fara ji a jikinsa. Ba a jefa birgi cikin kacala, ba a jan taru. Tafkin da ba ya janyewa ba ya tara kifi wuri guda, don haka ranar su ta gari ta rasa ma'ana a wurare da yawa, ikon sarkin ruwa na cewa "a dakata" ya yi rauni tare da ita. Ɗan buɗaɗɗen ruwan da ya rage kowa ya yi ca a kansa. Aka koma ga raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Dumba ta yawaita, wato a tare mashigi gaba ɗaya da jerin tarkon kifi da ake kira gura, mai hali ya kama duk abin da ya biyo, na bayansa ya tashi a tutar babu. Wasu ma har maganin ƙwari suke zubawa. Ko kifin yauni da a da ba a mamakin ganinsa, yanzu sai an dace. Kamun kifi ya tashi daga sana'ar da gora da homa suka isa, ya koma ta mai jari. Saurayin da ya gaji su daga ubansa ya zama yaron wani, ko ya tafi ci-rani, ko ya zauna a gari ba aikin fari ba na baƙi.

Manomi da makiyayi kuwa sai suka haɗu a kan ɗan tudun da ya saura. Kacala ta cinye makiyayar rani, kuma shanu ba su damu da ita ba idan ta ƙosa. Injinan ban-ruwa da suka yawaita tun shekarun 1980 sun sa ana noma bakin kogi har rani, daidai wurin da shanu ke bi su sha ruwa. Rikicin da ake ji kusan duk kaka a Guri da Kirikasamma, wanda kan kai ga ƙone-ƙone da asarar rai, ana yawan fassara shi da ƙabilanci, amma a duba taswirar inda yake aukuwa a gani. Ga kuma tsuntsun jan-baki, da ya samu masauki a cikin kacala, yana fitowa dubbai ya sauka a gonar shinkafa ko gero, yara su wuni suna kaɗa gwangwani maimakon zuwa makaranta. In damina ta yi ƙarfi, kamar 2012, 2020 da 2022, ruwan da ya rasa hanya sai ya bi ta gonaki da gidaje, rumbu ya tafi da abin da ke cikinsa.

Abubuwan baya-bayan nan sun tarar da wurin a raunane ne. Rikicin Boko Haram ya durƙusar da cinikin kifin Baga daga wajajen 2014, wasu masuntan Tafkin Chadi suka dawo yamma, 'yan kasuwar banda suka ƙara dogara da kasuwar Haɗejiya, buƙata ta hau kan ruwan da dama ya gaji. Ƙasar nan na buƙatar kifi sama da tan miliyan 3 a shekara, abin da take samarwa bai kai rabin haka ba, ana cike wani ɓangare na giɓin da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi da dala. Da dala ta tashi, shi ma ya tashi, abincin kifin kiwo ya tashi, man injin ban-ruwa ya tashi. Taru ya yi tsadar da sace shi ya zama riba, kwandon tarwaɗa kuma ana mayar da shi kuɗi kafin gari ya waye, ba mai tambayar daga ina. Gidan da a da kifi ne namansa mafi araha, yanzu kan kifi da ƙaya ake saya a jefa a miyar kuka don ƙamshi. Ba a ce talauci ya halatta sata ba, kuma mafi yawan waɗanda kacala ta raba da sana'a ba su taɓa ɗaukar kayan kowa ba.

An daɗe ana yaƙi da ciyawar. Ƙauyuka na yin gayya su shiga ruwa da lauje da adda, ga sauro ga tsargiya, su sare ta ƙasa da saman ruwa don ta ruɓe. An kawo injinan yashe hanyoyin ruwa, wasu mashigai sun buɗe, gonaki sun dawo hannun masu su. Akwai masu gwada mayar da ita gawayi ko abincin dabbobi. Sai dai duk inda aka share aka bar ruwa kwance, cikin 'yan watanni take tofowa. Masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina don ya kwaikwayi ambaliyar da, a kuma bar kogin ya bushe na wasu makonni da rani. Wahalar ita ce makonnin nan su ne daidai lokacin da mai alkama a Auyo da mai tumatir a Kura suka fi buƙatar ruwan.